Kifin da Ba Ya Ƙarni

Ranar Asabar muka bar Garwa da duku-duku,
ni da Barira da yaranmu uku,
Inna a gaban mota tana ta mita:
"A ce mutum ya ƙona mai har Figil
don kallon duwatsu?
Wanda ya rasa aikin yi ya zo ya taya ni kankare kifi."

Ilu ne ya jawo mana tafiyar.
Malaminsu ya ce can bayan gari,
inda rafi ya yanka tudu kamar wuƙa a kabewa,
akwai ruwan da ya ƙafe
tun kafin a haifi ƙishirwa.

Hamajoda ya tarbe mu da 'yar gudumarsa,
dogo, siriri, ba ya son dogon zance.
Ya nuna mana gaɓar rafin,
dutse kan dutse, falle-falle,
kamar gurasar da aka jera aka manta da ita.
Ya ce, "Ku buɗe a hankali.
Mai barci ne a ciki."

Muka duƙufa.
Ilu ya tsinto kashin awaki, ya rantse ƙwan kifi ne.
Talatu ta sami murfin kwalba.
Auta ya sami ƙaya a dunduniya,
ya sanar da duk duniya.
Ni kuwa na daki babban yatsana,
na haɗiye abin da ya zo bakina saboda yara.
Rana ta take tsaka, zoɓon ya ɗumame a gora,
Barira ta buɗe kwanon dambu
tana yi mini kallon ai na faɗa maka.

Inna ba ta nemi komai ba.
Ta zauna a gindin aduwa, ta tuɓe takalmi,
ta jawo buta don alwalar azahar.
Ruwan ya zuba daga gwiwar hannunta
ya jiƙa falalen da ke ƙarƙashinta,
sai dutsen ya yi duhu,
sai duhun ya yi layi-layi.

Ta tsaya da butar a hannu.
Ta sa farce, ta bi layin daga wutsiya zuwa kai,
yadda ta yi shekara arba'in tana yi
a bakin Binuwai, kan tebur mai santsi.
"Kai, ku zo. Wannan ai ɓamɓaroki ne.
Ga ƙayar baya. Ga inda ido ya zauna."

Ta juya kai hagu, ta juya dama.
"Ba karfasa ba ce. Ba bargi ba.
Giwan ruwa ba ta da irin wannan sulke."
Sai ta yi shiru.
Tunda nake ban taɓa ganin kifi
ya tsaya gaban uwata ba ta kira sunansa ba.

Ilu ya tambayi shekarunsa.
Hamajoda ya faɗi wani adadi
da ko a kuɗi ban taɓa riƙe irinsa ba.
Inna ta riƙe haɓa.
"Nawa in ya kwana biyu
ƙuda ya gayyato danginsa.
Wannan wane irin gishiri aka sa masa?"

Yaron ya so mu taho da shi.
Hamajoda ya girgiza kai:
"Wasu yaran na tafe."
Aka yi hoto, aka yi kuka kaɗan,
kafin mu gama ruwan ya bushe,
kifin ya koma cikin dutsensa
kamar bai taɓa fitowa ba.

A hanyar dawowa babu mita.
Yara sun yi barci a kan juna.
Na ga Inna ta kai yatsunta hanci,
ta sauke, ta sake kaiwa.
Babu ƙarni.

Bayan magariba ta ce in bi ta gada.
Binuwai na kwance, jiragen masunta sun ɗaure,
wani yana ninke taru a kan yashi.
Ta daɗe tana duban ruwan ta taga,
sannan ta ce, ba da ni take ba,
"Ashe kai ma baƙo ne."