Kusurwar da Baba Tsalha Ya Shafa

Laraba ta iso daga Kachiya da hantsi
da ƙarfe naɗe cikin tsumman atamfa:
gidan boris na injin yankan citta,
ya dare biyu kamar goro.
Ta ce, "Mai injin ya ce sai an aiko daga ƙetare,
wai wata uku.
Ɗanyar citta ba ta san wata uku ba."

Shagonmu na Kakuri,
jingine da katangar masaƙar da ta yi shiru.
Na share maiƙo a benci, na buɗe kwamfuta.
Zanen da aka turo min ta waya
ya zo ba tarihi, ba jerin matakai,
ba a san wa ya ja layinsa na fari ba,
baƙo ne tsaf, ko jaka bai riƙo ba.

Manhajar da na fara koya a makaranta
sai ta bi salsala:
wane rami ya haifi wane,
ka taɓa jika, kaka ya fusata,
gidan duka ya rushe maka a allo.
Wannan kuwa ba ruwanta da dangi.
Abin da ke gabanka, shi ne abin.
Na kama fuskar ƙarfen da linzami, na ja,
ta biyo ni kamar yumɓu a hannun maginiya.
Bango ya ƙara kauri, milimita biyu.
Na faɗaɗa mazauni,
don boris ɗin da ake samu a Panteka
ya ɗara na ƙetare ƙiba.
Ramukan kusa huɗu suka gusa tare,
ba wanda ya yi gardama.

Ina ta jin kaina.

Baba Tsalha bai dubi allon ba.
Shekara ashirin da ɗaya ya yi a masaƙa
yana sassaƙa wa injuna haƙora,
yatsansa na tsakiya ya bar rabi a can.
Ya ɗauki karyayyen ya kai hanci,
ya bi tsagar da guntun yatsan nan
a hankali, kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa.
"Daga nan ya fara," ya ce.
"Kusurwar ta yi tsini.
Ƙarfe ba ya son a lanƙwasa masa magana farat ɗaya.
Kauri kawai ka ƙara, yaro,
baɗi war haka za ta dawo da tsumma."

Na juya siffar, na leƙa ciki.
Ga ta nan, tsaye kamar wuƙa,
na kwafo ciwon tare da majinyacin.
Kuma wane haƙorin inji ne ma
zai shiga lungun ya fito da tsini haka?
Na kama gefen, na ja kaɗan,
ya yi laushi, ya zagaye kamar bakin ƙwarya.
"Ƙara," in ji Baba. Na ƙara.
"Tsaya nan."
Sai lokacin ya sunkuyo,
gilashinsa ɗaure da zare,
ya ce, "Ashe tana jin magana."

Wuta ta ɗauke da azahar,
muka tayar da janareto da kuɗin Laraba.
A allo akwai komawa baya.
Ƙarfe bai san a yi haƙuri ba.
Na sake auna komai, sau biyu,
kafin na saki haƙorin ya ci.
Ruwan sanyaya na zuba fari kamar tsala,
ɓurɓushi na murɗewa yana faɗuwa da zafi.

Da la'asar sakaliya boris ya shiga mazauninsa
da ƙaramar ƙara ɗaya, ƙwas.
Laraba ta naɗe sabon a tsumman tsohon,
ta ajiye mana citta cikin leda, ta bi motar Kachiya.

Na adana zanen.
Manhajar ba ta riƙe tarihi,
ba za ta tuna wa ya ce a zagaye kusurwar ba.
Shi ya sa da ta nemi suna
na rubuta mata: Tsalha.