Ƙananan Baƙaƙe

Shekara talatin da takwas na yi ina dakon buhu
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
ban taɓa tambayar buhu me ke cikinsa ba.
Nauyinsa kawai na sani,
kafaɗata ce sikelina.

Yau ga ni a kanti, a gindin tudu,
takardar asibiti a aljihun riga,
na ninke ta huɗu kamar abin kunya.
Likita Urrutia ta ce, "Eleuterio,
jininka ya hau, sukari ya bi sawunsa.
Ka fara karanta abin da kake ci."
Ni da ko jarida ba na wuce shafin ƙwallo.

Maite, jikata, ke tura keken kaya,
taya ɗaya na kuka, ba ta sha mai ba.
Shekararta goma sha ɗaya,
amma yau ita ce babba.

Hannuna ya san hanya, ya tafi shi kaɗai
wajen biskit ɗin da Griselda ke jiƙa mini a shayi
kafin ta riga ni kwanta dama.
Ga baƙin tambari uku a goshinsa,
kowanne da kusurwa takwas:
sukari ya yi yawa,
kitse ya yi yawa,
na ukun ban iya haɗa ido da shi ba.
Ashe tsohon abokina
zuma ne, ga zaƙi ga harbi.

"Juya shi, Kaka," in ji Maite.
"Gaba kwalliya ce, gaskiya na baya."

A gaba zangarniyar alkama, rana na hudowa.
A baya ƙananan baƙaƙe
sun yi jerin gwano kamar tururuwa.
Na ɗaga tabarau, na sauke,
na nisanta, na matso.
Ta ɗora farce a layin farko:
"Wanda aka fara kira, shi ya fi yawa a ciki."
Muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya,
sai ga sukari har wuri uku,
kowane wuri da sabon suna
kamar mai gudun bashi.

"Kuma wannan lissafin na guda biyu ne kacal."
Biyu!
Ni da nake gamawa da rabin leda
kafin mai karanta labarai ya kai ga hasashen yanayi.

Miyar gwangwani, gishirinta ya fi na tekun da ya ci ƙarfina.
Muka mayar.
Lemon kwalba ya koma wurin 'yan'uwansa.
Muka ɗauki wake, kabewa rabi,
albasa, tumatir, fiya biyu da ba su gama nuna ba.
Wurin mai kifi na sami bakin magana:
kifi ba ya ɗauke da takarda,
idonsa ne shaidarsa,
wannan karatun kuwa na haddace tun ba a haifi uwarta ba.

Dab da wurin biya
na hango wani abu ƙarƙashin kabewa,
kofin cakulan, an lulluɓe shi da ganyen latas.
Na zaro shi a hankali.
"Juya shi, malama," na ce.
Ta yi dariya har mai karɓar kuɗi ta taya ta.
Muka yi sulhu: nata ɗaya, nawa ɗaya,
sai ranar Lahadi.

Matakala ɗari da ashirin zuwa gida.
Na huta sau biyu, jiragen na ta ƙanƙancewa a ƙasa.
Jakar ta fi ta kullum nauyi,
amma wannan karon na san me na ɗauko.

Ran Lahadi na dafa shayi, ban sa sukari ba.
Na fito da biskit biyu, yadda aka rubuta.
Ɗaya na jiƙa.
Ɗayan na ajiye a faranti
gaban kujerar Griselda.