Akuya Ɗaya

Ran da ya zo Majema rana ta take tsaka.
Rawani shuɗi, gemu naɗe cikin zare,
awarwaron ƙarfe a hannun dama.
Mu yara munka sheƙa: ga sharifi, ga sharifi!
Babana Arzika ko kai bai ɗaga ba,
hannunsa na cikin ruwan bagaruwa har gwiwa.

Ba sharifi ba ne. Gurcaran sunansa,
mai gyaran injin ruwa a bakin Rima,
daga wata ƙasa mai gulabe biyar.
Ya warware tsumma, sai ga 'yar ganga,
bazarar Sakkwato ta tsage mata baki.

Baba ya ce, tsaya daga nan, baƙo,
warin ga ko surukaina ba su jure shi.
Sai mutumin ya tuɓe takalmi,
ya kife turminmu ya zauna
tsakanin toka da kashin tattabaru.

Ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi:
Littafin da muke lulluɓewa da alharini,
muna masa fifita kamar sarki,
akwai baitocin majemi a ciki.
Shekara ɗari biyar ke nan.
An hana shi ƙofar ɗakin bauta,
an ce ko inuwarsa ƙazanta ce,
sai ya rera daga bakin ramin jima
har masu tsarkin sunka fito saurare.
Akwai na masaƙi. Akwai na wanzami.
Akwai na wani shehi mai tazbaha irin taka
wanda azumi ya mayar sillen kara.

Baba ya tsame hannu, ya yarfe.
Majemin nan, ya yi salla?
A'a.
To. Allah shi ya san bayinai.
Ya koma kan kirgi, ya kankara, ya kankara,
can ya ce, ba tare da ya juyo ba:
Amma mi yac ce?

Baƙo ya rufe ido ya ɗauko murya.
Ko kalma ɗaya ba mu tsinta ba.
Na dai ga wuƙa ta tsaya a hannun Baba.
Ya ce, wanga ai bege ne.
Wanda ƙishi ya kama, ko da wane baki ya yi kuka,
na san ruwa yake kira.

Akwai fatar jar akuya rataye a rumfa
da ya ajiye don bandirin zawiya.
Ya yanke babban da'ira, namu.
Ragowar wajen wuya ta ishi 'yar gangar.
Kuɗi kuwa ya ƙi.
Ran Lahadi sai ga tukunyar wake da gurasa
da saƙo: a gidanmu ba a tambayar mai yunwa sunan ubansa.
Baba ya leƙa, ya ga ba nama, ya yi bisimilla.

Ba su taɓa shiryawa kan hanya ba.
Baba na roƙa masa shiriya a gabansa,
shi kuma ya ce amin, yana dariya cikin gemu.
Amma daren Juma'a, in bandiri ya tashi
ƙirazan maza sunka cika da sunan Allah,
in iska ta juyo daga gulbi
kana jin wata ƙaramar murya can ƙasa,
tim, ta-tim.
Akuya ɗaya tana kuka wuri biyu.

Ya koma gida shekarar da Rima ta ci gonaki.
Baba ya bi nasa kiran bayan damina uku.
Wuƙar na hannuna.

Jiya ɗana Bunu, mai wanke hannu sau uku in ya taɓa ni,
ya karanto mini su daga littafin jami'a,
masu bege na ƙasar Hindu, da shekarunsu a jere.
Ya ce, Baba, ka taɓa jin labarinsu?
Na ce, ɗaga turmin can, ɗana.
Kife shi.
Zauna.