Guzurin Akwati

Tara da kwata, Aboabo ta yi ɗif.
Fankar masallaci ta juya sau biyu, ta haƙura.
Yara suka ɗauki ihun da suka gada: dumso!
Mai koko tana laluben ashana,
ni kuwa hankalina ya riga ni isa Alabar,
ga akwatin ƙarfe a bayan ƙofar shagon atamfa
wanda na kafa da hannuna, damina uku ke nan.

Na san abin da yake yi yanzu.
Koren idonsa ya koma ruwan ɗorawa.
Bai buɗe jiniya ba, bai tashi unguwa ba,
ya san ɗauke wuta ba ɓarawo ba ce.
Juyawa kawai ya yi ga baƙin batirin cikinsa,
ɗan adashen nan mai nauyin rabin bulo:
kullum da wuta yana zubi kaɗan-kaɗan,
daren yau ne kwasa.

Da yana sabo, yakan kai asuba har da canji.
Amma batir ba ya furfura,
ba ya tari, ba ya dogara sanda,
a tsaye yake tsufa, fuskarsa sumul.
Watan jiya na ɗora masa mita.
Na ce, Hajiya Fulera, cikinsa ya kumbura,
zafin kwanon rufin nan ya dafa shi.
Ta ce, Mumuni, abin da ke ƙit-ƙit duk minti
ai da ransa.
Na ce, wannan ƙit-ƙit ɗin roƙo ne.
Ta ce, bari kayan Lome su iso,
sidi ba ganyen mangwaro ba ne.

Tara da sha shida, saƙo a wayata: wuta ta tafi.
Goma da biyar: batir ya yi ƙasa.
Daga nan shiru.
A sana'armu ba ƙara ke hana barci ba,
shirun nan ne.

Na ɗaure sabon batir a bayan babur,
na Boakye ne, mai kantin magani a Asafo,
gobe na san ƙaryar da zan yi masa.
Na kira Hajiya don makulli.
Wayarta ma ta mutu.

Layin shaguna baƙi ƙirin,
janareta ɗaya na gunaguni can wajen Kejetia.
Fitilar babur ta faɗa kan ƙofar,
kwado uku na nan,
ga kuma mutum a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Babana ne, Seidu.
Shekara ashirin da shida ya yi gadin layin nan
da gora, da tocila, da ɓarin goro a kunci,
kafin akwatina ya sallame shi.
Ranar da na kafa shi, tambaya ɗaya ya yi:
in wuta ta tafi, wa zai tsaya?
Na ce, yana da guzuri.
Ya ce, to.

Bai ce mini komai ba yau ma,
matsawa ya yi, na zauna.
Tocilarsa na kan cinya, a kashe.
Na san ta: da rana yakan juya batir ɗaya baibai
don kada ta sha kanta a aljihu.
Ba ya kunna ta sai ya ji abin da bai gane ba.
Sau biyu ya kunna a daren:
kyanwa, da wani mashayi mai neman hanyar gida.

Huɗu saura, kwan titi ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya kama.
Ta bayan ƙofa akwatin ya yi ƙara ɗaya,
siririya, ta mai jin kunya.

Baba ya tofar da goro, ya miƙe a hankali,
hannu a ƙugu.
Ya ce, ya farka?
Na ce, ya farka.
Ya kwance gindin tocilar, ya juya batirin,
ya ce, ka sauke ni masallaci.