Layi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Shagon Baba yana Ƙofar Marusa,
tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da ƙanƙara.
Shekara talatin yana ɗaukar hidimar mutane:
suna, walimar sauka, dawowar alhazai.
Da idonsa ya fara yana, sai ya miƙo mini mabuɗi
da kwali tara na kaset masu warin kyankyaso.

Damina guda na yi ina juye su a kwamfuta.
Na buɗe jadawalin Eksel, na yanka musu gidaje:
nan suna, nan unguwa, nan shekara,
nan kuma hanyar da fayil yake kwance.
Amma jadawali bebe ne,
ya san lissafi, bai san guɗa ba.

Sai na rubuta masa makuro.
Umarni bakwai kacal, da yaren inji
wanda ba a gaisuwa da shi:
in an taɓa gida, dubi na damansa,
ɗauki hanya, ƙwanƙwasa wa mai kunna bidiyo,
ka ce masa ga baƙo.

Ranar farko Hajiya Lantana ta Rafin Daɗi ta zo
neman mijinta da ƙasa ta rufe bara.
Na danna. Ga shi yana rabon goro,
yana faɗa da mai janareta.
Ta yi dariya har ta dafa tebur,
sannan ta ja mayafi.
Ta biya, ta bar canjinta.

Layi ɗari biyu da sha uku suka amsa kira.
Na sha huɗu ya ƙi.
Akwatin kuskure ya faɗo tsakiyar allo,
umarnina ya yi ruwan ɗorawa kamar idon mai shawara.
Wai ba a sami fayil ba,
alhali ga fayil, ina kallonsa, yana kallona.

Kwana biyu. A ɗauke wuta, a kawo, a ɗauke.
Na zargi faifai, na zargi zafi,
na zargi Ɗanlami mai zuwa buga takardar neman aiki.
Ashe sarari ne.
Sauran sunaye na manne su, ba tazara,
wannan na kwafe shi yadda Baba ya rubuta a bayan kaset:
Sunan Tanimu,
da ɗan fili a tsakani.
Inji ya karanta "Sunan", ya iso bakin rami,
ya tsaya. Bai iya tsallake ba.

Tanimu ni ne.

Na sa wa hanyar alamar zance gaba da baya,
yadda ake tallabe jariri da hannu biyu.
Na danna.

Allo ya yi yayyafi. Sannan zaure, tabarmi,
wanzami yana wasa aska.
Baba ba ya ciki, shi ne idon.
Minti sha ɗaya na maza da shafa fatiha,
sai kyamara ta karkace,
kamar hannun ya mance a bakin aiki yake,
ta leƙa tsakar gida.
Wata mace a ƙofar ɗaki, da ƙwaryar kunu a cinya,
ta ɗago kai:
"Kai Malam, mi kake ɗauka?"
Ta rufe fuska da tafi,
dariya tana tsiyaya ta tsakanin yatsu.

Daƙiƙa huɗu.
Ba ta kai yayena ba.
Sai ran nan na san muryar Inna tana da ɗan kaushi,
irin nawa.

Daga kan benci Baba ya ce, "Mayar."
Na mayar. Ya ce, "Mayar."

Yanzu makuron umarni takwas ne,
na ƙarshe yana cewa: fara daga minti sha ɗaya.
Gidan bayani na wannan layi ban cike shi ba.
Bayan la'asar Baba kan lallaɓo da sanda,
ba ya ganin allon,
yana dai juya masa kunnen dama.
Mai gyaran fanka ya riga ya gane lokacin,
yakan rage rediyonsa.