Zaren Wake

Mahaifina, Tokuji Ebisawa,
shekara arba'in da bakwai yana naɗe waken soya
cikin karan shinkafa, can bayan tashar jirgin Mito.
Ya dafa, ya zuba da zafinsa, ya ɗaure bakin dami,
ya ja ƙofar ɗakin ɗumi a hankali
kamar mai gudun tada jariri.
Bayan kwana biyu wake ya farka da yauƙi,
da warin nan mai korar baƙo
ya kira ɗan gida.

Natto. Da shi aka yaye ni.

Ran da ƙirjinsa ya riƙe, tukunya yake saukewa.
Bai yi ihu ba.
Ya zauna kan buhu, ya ce, "Chizuru, rage wutar,
kar na ƙasan ya kama."

A asibiti Likita Komuro ta zana mana jijiya
a bayan takardar sallama,
ta ɗiga tawada inda gudan jini ya tare hanya.
Ta rubuta ƙwayar tsinka jini, ɗaya kullum,
sannan ta ce, idonta na kan biro,
"Daga yau ban da natto.
Ba sa ga maciji da wannan magani."

Baba ya yi dariya
har na'urar gefen gado ta fara ƙorafi.

Ni kuwa da karambanina
na shiga kantin magani a hanyar gida.
Ga kwalba fara, an zana jar zuciya a goshinta,
kafso sittin, sinadarin da aka tace daga irin wakenmu.
Yaron kantin ya ce masu saye suna cewa
yana sa jini ya yi tafiyarsa ba gargada.
Ban tambayi kowa ba. Na biya.
Mai neman tsira ko kaifin takobi aka miƙa masa, kamawa yake.

Baba ya ɓare ɗaya a tafin hannu.
Gari ne, fari fat.
Ya shinshina, ya sake shinshinawa.
"Ina warin? Ina zaren?
Wannan ai wake ne da ya je birni ya manta gida."

Da yamma na kira likita don in samu yabo.
Ta ce, "Kar ya haɗiya.
Tsinki a kan tsinki,
ɗan yankan aski sai ya ƙi tsayawa."

Kwalbar tana nan kan kanta,
kusa da hoton Mama Fusae,
kafso hamsin da tara, ƙura ta soma yi musu hula.

Yanzu ni ke ɗaga tukunya.
Shi kuma da asuba, kafin jirgin farko ya girgiza taga,
yakan kwance dami ɗaya, ya juye a kwano,
ya ɗauki tsinke biyu yana juyawa.
Yana ƙirga a ƙasan maƙoshi.
Hamsin. Tamanin. Har wake ya yi farin kumfa.
Ya ɗiga ruwan soya, ya barbaɗa ganyen albasa,
ya turo min kan shinkafa mai tururi.

Nasa kwanon shinkafa ce tsura,
da ƙwaya ɗaya a gefen kofi.

Jiya na juya zan sauke buta,
sai na gan shi a gilashin taga.
Ya ɗaga tsinken sama,
zare ya biyo shi, siriri, yana rawa, ya ƙi tsinkewa.
Ya kai shi hanci.
Ya kai shi dab da leɓe.
Na daina numfashi, butar na ta kuka.

Sai ya naɗe zaren a bakin kwanona,
ya ce, "Ci da zafinsa.
Na yau ya fi na jiya,
amma kin yi saurin buɗe ƙofar ɗakin."