Kuɗin Faɗa

Ƙarfe uku na dare a Osaka,
jirgin ƙasa na ƙarshe ya daɗe da wucewa.
Ɗakinmu na saman shagon mai taliya,
ƙamshin romo na hawowa ta tsagar katako.
Ni aikina cika baƙi:
Malama Fujieda ta zana, ni in bi da tawada,
gashi, inuwa, dare, jini.
Shafi shafi ake biyana.

A shafi na sha ɗaya ya shigo,
Matagoro, mai faɗan haya,
ƙato, ba haƙoran gaba,
hanci ya karye sau uku har ya gaji da miƙewa.
Ba shi da ubangida, ba shi da tuta,
farashi yake da shi:
mari kwabo goma, karaya azurfa ɗaya,
in so kake mutum ya bar gari, sai ku zauna ku daidaita.

Dillalin shinkafa ya zube masa azurfa uku
a kan wani mai takobi da ke zama bakin gada,
Shirase, siriri kamar sillen kara,
mai gyaran laimar takarda.

Shafi na sha huɗu, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Layukan ruwan nan ni na ja su,
ɗari biyu da ɗoriya,
har wuyan hannuna ya daina jin kansa.
Matagoro ya tsaya tsakiyar gada, ya tofar da yawu:
"Kai mai laima, tashi!
Ban san ka ba, ban tsane ka ba.
An biya ni ne."

Shirase bai ɗago ba.
Akwati guda cur Malama ta ba shirunsa.
Can ya ce, "Nawa?"
"Uku."
"Bara bakwai suka ba wani. An cuce ka."

Na tuntsire ni kaɗai, tawada ta ɗiga a gwiwata.

Amma na san abin da ke jira a shafi na sha tara.
Tun yamma edita ya bugo waya:
masu karatu sun gaji da surutu, a ba su jini.
Ga Malama ta yi barci a kan tebur, tabarau a goshi,
ta bar min zanen fensir:
takobi ya bar kube,
layi ɗaya fari daga kafaɗa zuwa ƙugu,
a gefe ta rubuta, baƙi duka.

Na daɗe ina kallon dunƙulen hannunsa.
Ta zana shi da kulawa,
kowace gaɓa da tabonta,
kamar hannun wani da ta taɓa sani.
Na koma baya, shafi na sha biyu:
ya wuce mai gasa kifi, ya haɗiye yawu,
ya taɓa ɗamararsa, ya fasa.
Sai an gama aiki, in ji shi.
Ko loma bai ci da kuɗin ba.

Ni ma tun rana shayi kaɗai na sha.

To, wanda ya ci ladan kuturu,
ai dole ya yi masa aski.
Na tsoma buroshi.
Na shafe gada, na shafe ruwan da na sha wuyar ja,
na shafe ƙirjinsa, na shafe bakin da ba haƙora.
Sai can ƙasa, a kusurwar hagu,
inda ido ke sauka in an gama karatu,
na bar ɗigo uku farare
suna gangarawa tsakanin katakon gada.

Da asuba Malama ta farka,
ta sauko da tabarau, ta ɗaga shafin ta fuskanci taga.
Ta ɗora farce a kan ɗigon farko.
Na jira faɗa.

Ta ce, "Na tsakiyar bai yi zagaye ba. Gyara."

Ƙasa, mai taliya ya fara ɗaga ƙofar shago.